“Ba Allura Ba Ce, Kanula Ce”: Gaskiyar Zancen Cikon Leɓe

Saura wata biyu bikinta, ɗiyar yayata ta same ni a tsakar gida a Bukoki bayan la'asar, ina tsince zogale. Ta tsuguna ta miƙo mini waya. “Tanti, dubi wannan.” Bidiyo ne na wata mata sanye da baƙar safar hannu, tana zura wani siririn ƙarfe ta kusurwar bakin wata budurwa, leɓen yana tasowa kaɗan-kaɗan kamar ana hura shi. A ƙarƙashi an rubuta da Faransanci cewa ba allura, ba zafi, ba haɗari. Na ce mata wannan ai allura ce. Ta ce, “A'a Tanti, kanula ce. Ba ta da tsini, ba ta huda jijiya. Shi ya sa ma nake so in yi wajenta.”

Na yi shekaru ina aikin jinya. Ban taɓa yi wa kowa cikon leɓe ba, amma na san allura, na kuma ga abin da ke samun nama idan jini ya daina isa gare shi. Don haka ban ce mata e ba, ban ce a'a ba. Na ce ta ba ni mako guda in yi karatu. Abin da na tarar shi ne, maganarta rabinta gaskiya ce: kanula ta fi allura aminci, kuma akwai lissafin da ya tabbatar da hakan. Sai dai kalmar ta faɗa hannun masu talla, suna yaɗa ta kamar laya, har ta rufe wa mata ido daga tambayoyin da suka fi ta nauyi a gari irin Yamai.

Abin da ake ɗurawa a leɓen, idan na gaske ne, wani ruwa ne mai kauri da yauƙi da ake kira asid hiyaluronik. Ba baƙo ba ne a jikin mutum. Akwai shi a fata, akwai a cikin ƙwayar ido da ruwan gaɓoɓi, kuma aikinsa riƙe ruwa. Tun 1934 wasu masana biyu a Amurka, Karl Meyer da John Palmer, suka fara ware shi daga ruwan idon saniya. Na yanzu a masana'anta ake samar da shi ta hanyar ƙwayoyin bakteriya, sannan a ɗaure zarurrukansa da juna don kada jiki ya shanye shi cikin kwana biyu. Restylane, wanda aka ƙirƙira a Suwidin, ya samu izinin hukumar magunguna ta Amurka, FDA, a 2003, Juvéderm ya biyo baya a 2006. Ana cewa a leɓe yakan yi wata 6 zuwa shekara guda, ko da yake hoton MRI, na'urar asibiti mai nuna cikin jiki, ya sha nuna saura kwance shekaru bayan mai shi ta zaci ya tafi. Abin da ya sa likitoci suka fi yarda da shi kan sauran kayan ciko shi ne yana da makari: wani magani mai suna hiyaluronidas, wanda idan aka yi allurarsa yake narkar da cikon cikin ƴan awoyi. Ki riƙe sunan nan, za mu dawo kansa.

To, mene ne bambancin kayan aikin biyu? Allurar da ake aikin leɓe da ita ƴar mitsitsiya ce, galibi lamba 30, kaurinta kusan sulusin milimita, tsawonta milimita 13. Bakinta a fiƙe yake, tana yanka duk abin da ta tarar a gabanta, maganin kuma ta tsinin yake fita. Da yake gajeriya ce, sai an yi ta soka ta wuri-wuri kafin a zagaye leɓe. Kanula kuwa, kada a haɗa ta da robar nan da ake sa wa marar lafiya a hannu don ƙarin ruwa. Wannan siririn bututun ƙarfe ne mai ɗan lanƙwasuwa, tsawonsa santimita 4 ko 5, bakinsa a dunƙule kamar kan ashana, ramin fitar magani kuma a gefe yake. Ba ta iya huda fata da kanta. Dole sai an fara buɗe mata ƙofa da allura mai tsini a kusa da kusurwar baki, sannan a zura ta ta wannan ƙofa ta bi tsawon leɓen. Ke nan mai cewa “ba allura” tun kalmar farko ta kauce wa gaskiya. Allura na nan, sai dai hudar ta ragu, ta koma ɗaya ko biyu a kowane gefe.

Duk wadda ta taɓa zura zariya a ƙugun wando ta riga ta fahimci dabarar. Ba wadda ke ɗaukar allurar ɗinki don wannan aikin, saboda za ta yi ta huda yadin tana fita ta inda ba a so. Ɗan tsinke mai dakusasshen kai ake ɗaura wa zariyar, shi kuma sai ya bi hanyar da ke buɗe, yana ture abin da ya tare shi. Haka kanula ke yi a cikin nama: idan ta ci karo da jijiyar jini, sau da yawa takan ture ta gefe ta wuce. Amma mai zura zariya ta san wani abu kuma. Idan aka zo wurin da ɗinki ya matse, tsinken yakan tsaya, kuma wadda ta yi gaggawa ta danna da ƙarfi sai ta ɓarka yadin. Jijiyar da tabo ya riƙe, ko wadda ta yi reshe biyu daidai inda bakin kanular ya dosa, ba ta da wurin gocewa. A nan dakushin ba ya hana komai.

Me ya sa ake tsoron jijiyar har haka? Kowane leɓe yana da tasa jijiyar mai kawo masa jini daga zuciya, ta sama da ta ƙasa, dukansu rassa ne na babbar jijiyar fuska wadda ke hawowa ta gefen muƙamuƙi. Wani bincike da Sebastian Cotofana da abokan aikinsa suka wallafa a 2017, bayan sun duba kawunan gawarwaki 193, ya nuna cewa a kashi 78 cikin 100 jijiyar tana kwance ne ta ciki, tsakanin tsokar leɓe da danshin fatar da ke taɓa haƙora. A kashi 17 da ɗoriya tana cikin tsokar kanta, a kashi 2 kuwa tana dab da fatar waje. Kuma ba ta tafiya a miƙe, tana iya sauya zurfi a cikin leɓe guda. Shi ya sa ƙwararru ke tsayawa sama-sama suna gudun zurfi, suna kuma sane da cewa babu wani sashe na leɓe da za a rantse ba jijiya a cikinsa.

Idan cikon ya faɗa cikin jijiyar nan, toshe ta yake yi. Mai lambu a bakin kogin Isa ya san wannan sarai: idan dunƙulen laka ya tare hanyar ruwa, fangalin da ke gaba ne ke fara yaushi, ba wurin da lakar ta tsaya ba. Jijiyar leɓen sama tana aika rassa zuwa ginshiƙin hanci da fiffikensa, don haka mace na iya yin ciko a leɓe, alamar ta ɓulla a gefen hanci. Da farko wurin yakan kwashe jini ya yi fari. Bayan wasu awoyi ya yi dabbare-dabbare kamar raga, da zafin da ya wuce na hudar allura. Bayan kwana biyu ko uku ƙananan ƙuraje masu ruwa su feso, waɗanda ake yawan ɗauka ƙurajen masassara ne. Idan har lokacin ba a narkar da cikon ba, naman ya mutu, ya yi baƙin ɓawo, ya faɗi ya bar rami. Akwai kuma wanda ya fi wannan muni. Jijiyoyin fuska suna haɗe da jijiyar ido ta gefen hanci, kuma idan aka danna sirinji da ƙarfi cikon na iya hawa, ya saɓa wa tafiyar jini, ya je ya toshe jijiyar da ke ciyar da gani. Wata likitar fata a Kanada, Katie Beleznay, ta tattara rahotannin mutum 98 da ganinsu ya taɓu ta wannan hanya a 2015, ta ƙara wasu 48 a 2019. Mafi yawansu daga cikon hanci ne da tsakanin gira, daga leɓe abin ba kasafai yake faruwa ba, kuma bai kamata a tsorata mutane fiye da kima ba. Amma mafi yawan waɗanda abin ya same su ganinsu bai dawo ba. Garin neman gira a rasa ido, da Bahaushe ke faɗa, a nan ya tashi daga karin magana ya zama bayanin likita.

Yanzu ga lissafin da masu goyon bayan kanula ke dogaro da shi, kuma lissafi ne mai ƙarfi. A 2021 mujallar JAMA Dermatology ta buga binciken Murad Alam na jami'ar Northwestern da abokan aikinsa. Sun tambayi likitocin fata 370 a Amurka, waɗanda a tsakaninsu suka yi aiki da sirinji kusan miliyan 1.7. Da allura, an samu toshewar jijiya sau ɗaya a cikin kowane sirinji 6,410. Da kanula, sau ɗaya a cikin 40,882. Tazarar ba ƙarama ba ce. Wuraren da aka fi samun toshewar kuwa su ne leɓe da layin nan da ke saukowa daga hanci zuwa gefen baki. Duk wanda ya ce kanula ba ta da wani amfani, bai karanta wannan ba.

Amma a cikin binciken nan akwai wani adadi da ban taɓa gani a tallar kowa ba. Likitocin da suka haura shekara 5 suna wannan aiki, haɗarin toshewa a hannunsu ya yi ƙasa da kusan kashi 71 cikin 100 idan aka gwada da sababbin hannu. Ragin da kanula ta kawo kuwa, da aka yi masa irin wannan awon, kashi 77 ne. Wato ƙwarewar hannu ta kusa yin kafaɗa da kafaɗa da kayan aikin. Ki kuma lura da su wane ne “sababbin hannun” nan: likitoci ne da suka gama karatun likita, suka ƙware a fannin fata, suka feɗe gawa suka ga jijiyar da idonsu. Su ne na baya a wannan lissafi. To ina matsayin wadda ta yi horon kwana uku a wani otal, ko ta koya a YouTube? Ba ta cikin lissafin ma sam. Ɗaukar adadin 40,882 a liƙa shi a ƙofar ɗakin da ake kitso da ƙunshi, zalunci ne ga wadda za ta kwanta a ciki. Sannan binciken ya dogara ne kan abin da likitocin suka ba da rahoto da kansu, kuma ya haɗa duk sassan fuska, ba leɓe kaɗai ba.

Akwai wani abin da ya fi ba ni tsoro, domin ya shafi kanular kanta. Lambobin nan a juye suke: yadda lamba ta ƙaru, haka ƙarfen ke ƙara sirancewa. Lamba 22 ta fi 25 kauri, 25 ta fi 27. A 2019 Tatjana Pavicic, wata likita a birnin Munik na Jamus, da abokan aikinta suka auna ƙarfin da ake buƙata kafin allura ko kanula ta ɓula bangon jijiya. A lamba 22 da 25, kanula sai da ƙarin ƙarfi sosai kafin ta shiga. A lamba 27 kuwa ba su ga bambanci tsakaninta da allura ba. Siririyar kanula, ke nan, allura ce da aka sauya wa suna. Ga shi kuma ita ce ta fi daɗin aiki a leɓe, ta fi saurin shiga, ta fi kyau a bidiyo. Marar sani zai ma zaci mafi siranta ita ce mafi aminci. Har ila yau, mai allura a kullum tana cikin fargaba, tana ɗura kaɗan tana janyewa, amma mai kanula da ta sakankance cewa ba abin da zai faru takan danna da yawa a wuri guda. Idan aka yi rashin sa'a bakin yana cikin jijiya, abin da zai shiga ya fi yawa. Ga tsawo: bakin ƙarfen yana can santimita uku ko huɗu daga yatsun mai riƙe da shi, kuma sai hannun da ya saba ne ke gane ko yana sama ko ya nutse zuwa inda jijiyar take.

Ita ma allurar tana da ranarta, kada a yi mata rashin adalci. Layin da ya raba jan leɓe da fatar fuska, da ƴan tsinin nan biyu na tsakiyar leɓen sama, aiki ne na ɗigo-ɗigo da kanula ba ta cika iyawa ba. Wadda leɓenta ya ɗan karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya, sau da yawa allura ce ke daidaita shi. Shi ya sa ƙwararru da yawa ke haɗa biyun a zama guda, kanula don cika jikin leɓen, allura don gyaran baki-baki. Ta fannin kwanciyar jini kanula ta yi gaba, tunda hudarta kaɗan ce. Kumburi kuwa ba mai tsere masa, yakan yi tsanani a kwana biyu zuwa uku na farko, kuma sai an yi kamar mako biyu kafin a ga ainihin siffar. Zafi ma ba a rasa shi, sai dai na kanula ya fi kama da jan nama da dannawa.

Inda zancen ya zama namu na kanmu shi ne fata. Kusan duk hotunan da ke cikin littattafan koyar da wannan aiki na farar fata ne, inda fari da ja da shuɗi ke bayyana tun daga nesa. A baƙar fata, kwashewar jinin nan na farko yana iya wucewa ba a lura ba, dabbare-dabbaren kuma ya yi kama da kwanciyar jini ta yau da kullum. Ƙari a kan haka, mafi yawan kayan cikon yanzu an gauraya su da lidokayin, maganin kashe zafi, don haka zafin da ya kamata ya yi gargaɗi yakan makara. Wanda ya san aikinsa zai juya leɓen ya dubi cikinsa da dasashi a haske mai kyau, ya danna da yatsa ya ga ko jan ya dawo nan take, ya gwada gefe da gefe, ya taɓa ya ji ko wurin ya yi sanyi. Wannan ba a koyonsa a bidiyon minti ɗaya.

Abu na biyu, fatarmu tana riƙe tabo. Ƙurji ɗaya ya warke ya bar baƙin ɗigo na wata da watanni, kowace mace ta san wannan. Binciken da aka yi kan baƙaƙen fata a Amurka ya nuna cewa yawan huda yana ƙara yawan wannan baƙin tabo. A nan kanula ta samu wata hujja mai kyau a wurinmu, kuma a nan ne nake ƙin salon da ake kira leɓen Rasha, wanda ake jera huda a tsaye kamar ana ɗinkin hula don a ɗaga leɓen sama. Salo ne da aka ƙirƙira don siraran leɓɓa. Mu kuwa akasarinmu Allah ya ba mu leɓe cikakke. Yayin cikon leɓe ma daga ƙasashen Turawa ya taso, ya kuma yi ƙarfi bayan Kylie Jenner, wata tauraruwar talabijin ta Amurka, ta amsa a 2015 cewa ciko ta yi. Leɓen da ya riga ya cika idan aka tura masa sirinji guda, cikon ba ya samun wurin zama, sai ya haura saman layi ya yi tudu a ƙarƙashin hanci.

Sai maganar da ba a son yi a fili: man ƙara haske. Wadda ta shekara tana shafa mai mai kortizon, fatarta ta yi siriri, jijiyoyinta sun yi rauni, ciwo ba ya saurin warkewa, ƙwayoyin cuta kuma sun samu ƙofa. Irin wannan fata ko da kanula sai ta tara jini. Dole a gaya wa likita gaskiya, kamar yadda za a gaya masa idan ana shan asfirin, ko ana yawan samun ƙurajen masassara a leɓe, domin huda tana tayar da su kuma akwai maganin da ake sha kafin aikin. Mai ciki da mai shayarwa kuwa a haƙura, ba a gwada kayan nan a kansu ba.

Duk wannan bayani na yi shi ne bisa zaton cewa abin da ke cikin sirinjin na gaske ne. A nan fa gizo ke saƙa. Nijar, ƙasar da a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun allurar rigakafin sanƙarau da ke yawo a cikinta, ba ƙasar da za a karɓi kwali a hannun kowa ba ce don kawai an ga rubutun Turanci a jikinsa. Wanda ya iya yin jabun rigakafin yara, kayan kwalliya ba za su gagare shi ba. Ko na gasken ma, a jikin kwalinsa an rubuta kada zafin wurin ajiya ya wuce digiri 25. A Yamai, watan Afrilu da Mayu, zafi na haura 40, ga ɗaukewar wuta, ga kayan da suka kwana a akwati ko a bayan mota. Mafi muni shi ne abin da ba asid hiyaluronik ba ne sam: ruwan silikon da danginsa, masu arha, da ake tallatawa da cewa “ba ya ƙarewa”. Wannan ba shi da makari. Idan ya yi ƙulli ko ya gangara, sai wuƙar likita, ita ma ba ta kwashe shi duka. Araha ba ta ado.

Na kuma ji ana raba sirinji ɗaya tsakanin ƙawaye biyu don a rage kuɗi, wai ai an sauya allura. Sauya allura ba ya tsarkake sirinji, jini na komawa ciki ko ido bai gani ba, kuma ciwon hanta nau'in B ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Sirinji ɗaya, mutum ɗaya. Kanula ɗaya, a buɗe ta a gabanki, a jefar a gabanki. Akwai kuma wani alƙalami da ke harba cikon cikin fata da ƙarfin iska, wanda shi ne ma ya fi cin sunan “ba allura”. FDA ta yi gargaɗi a kansa a watan Oktoba na 2021, domin ba mai iya sarrafa inda abin ke zuwa.

Ƙasashen da abin ya daɗe a cikinsu sun sha wuya kafin su tsaurara doka. A Ingila tun Oktoba 2021 laifi ne a yi wa wadda ba ta kai shekara 18 ba ciko don ado. A Faransa likita da likitan haƙori kaɗai doka ta yarda su yi wannan allura, kuma daga Yuli 2024 mutum ba ya iya sayen asid hiyaluronik na allura a farmasi sai da takardar likita, bayan ɓarnar da masu yi a ɓoye suka yi wa ƴan mata. Idan ƙofa ta rufe a can, kayan da masu su wani wurin za su nufa. Ina ganin lokaci ya yi da hukumomin lafiyarmu za su sa ido tun abin bai yi yawa ba, musamman kan masu zuwa daga waje su kama ɗaki na mako guda, su yi wa mata ashirin, su hau jirgi. Toshewar jijiya ba ta jiran mai aikin ta dawo wata mai zuwa. Makarin ana buƙatarsa cikin awoyi, da yawa, a maimaita har sai jini ya dawo, kuma ba kowace farmasi ce ke ajiye shi ba. Idan gani ne ya dushe kuwa, mintoci ake ƙirgawa. Wadda ta ga leɓenta ko gefen hancinta ya sauya launi, ko zafi na ƙaruwa maimakon raguwa, kada ta tsaya gasa wurin da ruwan ɗumi tana jiran safiya. Ta nufi sashen gaggawa na babban asibiti, ta faɗi abin da aka yi mata ba tare da kunya ba, ta tafi da kwalin idan tana da shi.

Yayata, da ta ji zancen, ba ta tsaya kan jijiya ba. Cewa ta yi canza halittar Allah ne. Malamai suna bambanta gyaran aibi, kamar leɓen da hatsari ya ɓata ko wanda aka haifa a tsage, da ƙari don ado kawai, kuma wannan fagensu ne, na ce wa yarinyar ta je ta tambaya. Nawa fagen shi ne in ga ba ta cutu ba idan har ta yanke shawarar yi, domin na san ƴan matan yanzu: hani ba tare da bayani ba, ɓoyewa kawai yake koya musu.

Da mako ya cika na kira ta, muka zauna muka aika wa matar nan saƙon murya. Muka tambaye ta inda ta yi karatu da ko tana da rajista a hukumar likitoci, sunan kayan da take amfani da shi, lambar kanularta, da kuma ko tana da hiyaluronidas a ɗakin. Tambayar farko ba ta taɓa ta ba. Ta biyu ta turo hoton kwali ba tare da lambar da ke gefensa ba. Ta uku ta turo hoton ledar kanula, na faɗaɗa shi da yatsa: lamba 27. Ta huɗu kuwa ta amsa da murya mai daɗi, cewa ƴar uwa kada ki damu, ita ba ta taɓa buƙatar wannan ba, tunda da kanula take aiki.

Yarinyar ta saurari saƙon sau biyu, ta kife wayar a cinyarta. Can ta ce, “To Tanti, idan wajen likita ne fa?” Na ce sai dai bayan biki, ba a gwajin fuska ana saura makonni a ɗaura aure. Kuma rabin sirinji ya ishe ta, idan ma likitan ya ga akwai abin gyarawa. Na ce mata ranar ƙafata ƙafarta: zan karanta kwalin da idona, in ga lambar kanular, in riƙe kwalbar makarin a hannuna in duba ranar ƙarewar aikinta kafin ta kwanta a kan kujerar.